Ɗan Kunnen da Muka Gyara wa Mai Yatsu Huɗu

Ku sauko min da shi daga ƙusar nan. A'a, kada ku jefo, miƙo min za ku yi. Tun da na buɗe garejin nan a Gidan Igwai yake rataye a wurin, kuma duk wanda ya zo koyon aiki sai ya ɗauka abin kwasar shara ne. Jiya ma da kunnena na ji ɗayanku yana cewa gyaran jirgin sama aikin 'yan gayu ne, farar riga, sai danne-danne. Kai da noti ɗaya ba ka iya ɗaurewa sai ka cinye masa haƙora! To ku zauna, an ɗauke wuta, ba aikin da za ku yi.

A wutsiyar ƙaramin jirgi akwai wani fiffike da yake kwance, rabinsa na baya yana motsi sama da ƙasa. Shi matuƙi yake ja da sandar da ke tsakanin ƙafafunsa: ya ja baya hancin jirgi ya ɗaga, ya tura gaba hanci ya sunkuya. To a bakin wannan fiffiken ake manna wannan ɗan fallen da kuke gani, a kan hinji, kamar ƙaramin ƙyaure. Turawa tirim suke ce masa, mu a rumfar jirgi ɗan kunne muke cewa. Idan aka ɗan karkata shi, iska ce za ta riƙe fiffiken a inda matuƙi yake so, hannunsa ya huta. Idan bai zauna daidai ba, matuƙi zai yi ta kokawa da sanda har damtsensa ya mutu. Idan kuwa hinjin ya yi laga-laga, yana iya kama rawa a sama, ya girgiza wutsiyar har ta yage. Abin kwasar sharar ke nan.

Aikina na farko a tsohon filin jirgi shi ne wanke ƙusoshi a cikin kananzir. Ogana Altine ne, Basakkwace na bayan Hubbare, gajere, mai faɗa kamar an aiko shi. Ya koyi aikin a hannun Turawa, amma bai ɗauko komai na halinsu ba sai tsabtar kayan aiki. Kowace sufana tana da ƙusarta a jikin allo, an zana siffarta da fenti, kuma ba wanda zai tafi gida idan siffa ɗaya ta zauna ba ƙarfe a kanta, don ƙila tana cikin cikin jirgi. Na daɗe ina gasuwa da magagari da almakashin yankan falle kafin ya yarda na riƙe bindigar ribit, ƙusoshin da ake haɗa falle da su. Ranar da ya fara barina na taɓa wayar wutsiya, ya tsaya a kaina ya ce, “Ummaru, ka san doka. Wanda yat taɓa wutsiya shi ka hawa.” Wato duk makanikin da ya yi aiki a wutsiya, shi zai zauna a kujerar baya a tashin gwaji. Wallahi tun daga ranar ban ƙara ɗaure noti ina hira ba.

Jirginmu na feshi ne, mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, jikinsa yadi ne da aka ɗame aka shafe da fenti. Abokan gabarmu jan-baki ne, tsuntsayen nan da mutanen fadama suke ce wa buwa. Ku 'yan birni ba ku san su ba. Idan shinkafa ta yi nono suka sauka a gona da hantsi, kafin azahar sai dai mai gona ya riƙe baki. Ba a bin su da rana. Sai dab da magariba, idan sun taru a cikin gumbi da kyauro za su kwana, jirgi ya bi ta kansu ƙasa-ƙasa, tayarsa kamar za ta shafi ƙaya, ya saki magani. Tankin maganin yana ƙarƙashin ciki, ya ɗan ja baya. Idan a cike yake hanci yana son sama, idan ya fara raguwa hanci yana son ƙasa. To ka ga a kowane wucewa nauyin sanda yana sakewa, kuma ƙasa tana nan kusa tana jiranka.

Da Baturen da ke tuƙa mana ya koma ƙasarsu, sai aka kawo Kyaftin Bulus, mutumin Zuru, tsohon soja, dogo, mai dariya da ƙarfi. Da ya miƙo min hannu muka gaisa sai na ji hannun bai cika ba. Babban yatsansa na dama a yaƙin basasa ya bar shi. Likitoci sun duba sun ce yana iya tashi, kuma gaskiya ne, ban taɓa ganin mai sauke jirgi a hankali kamarsa ba. Amma tashi daban, feshi daban. Da yatsu huɗu yake riƙe sanda, hagu tana kan totur, ita kuma ƙotar juya ɗan kunne tana can sama a rufin jirgi ta ɓangaren dama. Kafin ya kai gare ta sai ya sauya hannu, kuma mai bin kan ƙaya ba ya da wannan sararin. Saboda haka sai ya ƙyale ta, ya yi ta riƙe jirgin da ƙarfin tsiya.

Wata magariba ya sauko, na kawo masa ruwa, kofin ya suɓuce daga hannunsa. Ya sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Yatsun sun ƙage kamar na kaza. Ya dube ni, ya dubi Oga Altine, ya ce, “Idan manya suka ga wannan, na gama tashi ke nan. Ni kuwa Oga, ban iya komai ba a duniya sai wannan.”

Oga bai ce masa sannu ba. Ya kama hannun ya jujjuya shi kamar yana duba ƙarfe, ya ce, “Hannu ba shi gyaruwa. Jirgi ka gyaruwa. Tahi gida.”

Aikin da muka yi wa ɗan kunnen nan shi ne mafi kyawun aikin da hannuna ya taɓa shiga. Da farko muka kwance tsohon, Oga ya sa na rufe ido na kama bakinsa da yatsu biyu na girgiza. Ya ce, “Mi kaj ji?” Na ce ban ji komai ba. Ya ƙwanƙwashe ni da ƙotar sukundireba. Na sake kamawa, sai na ji wani ɗan ƙis, kamar haƙorin da ya fara girgiɗi. Ya ce wannan ƙis ɗin shi yake kashe mutane. Muka sake hinji, muka sa sabon zoben tagulla a inda sandar da ke tura shi take shiga. Sannan muka yanko sabon falle, muka ƙara masa faɗin yatsa ɗaya don ya fi kama iska. Sau nawa na lanƙwasa na ɓata, Oga yana jefar da shi waje yana kirana maƙerin gwangwani! Wanda ya karɓa a ƙarshe shi ne wannan da ke hannuna. Ku duba jerin ribit ɗin, ku gaya min ko akwai wanda ya fita layi.

Babban aikin shi ne sauko da ƙotar juya ɗan kunnen daga rufi. Muka cire ta, muka bi da waya ta gefen hagu, muka kafa wani ɗan faifai dab da totur. Oga ya zauna da magagari ya yi wa bakin faifan haƙora masu kauri, yadda Kyaftin zai murza shi da gindin tafin hagu ba tare da ya saki totur ba. Aka sa shi ya zauna a kujera, a matsa faifan gaba, a dawo da shi baya, har ya ce nan ne. Mai duba aiki da ake turowa daga Legas ya zo ya shiga ƙarƙashin wutsiyar, ya ja, ya auna, ya yi mana tambayoyi har Oga ya fara tsaki, daga baya ya amince.

A tashin gwaji ruwa ake cika tanki da shi, ba magani ba. Ni na taɓa wutsiya, don haka ni na hau. Muka tashi, na hango hayaƙin siminti na Kalambaina ya kwanta gabas, da shi Kyaftin yake gane inda iska ta dosa. Ya sauko kan fadama ya buɗe feshi, ina ganin gwiwar hannunsa na hagu tana ɗan motsi, kaɗan-kaɗan. Da tanki ya ƙare ya hau sama, sai kawai na ga ya ɗaga hannuwansa biyu sama da kansa. Na ƙwalla ihu, “Kyaftin, riƙe! Don Allah riƙe!” Shi kuwa dariya yake yi. Jirgi ya miƙe abinsa, bai sunkuya ba, bai ɗaga ba. Da muka sauko ya rungume Oga Altine, Oga yana ture shi yana cewa zai ɓata masa riga.

Damina bayan damina muka yi ta aiki haka. Kawuna Ɗantani, ƙanin mahaifiyata, yana da gonar shinkafa a fadamar Rima, kuma shi ne mai kawo mana labarin inda tsuntsaye suke kwana. Mutanen ƙauyensu sun san ƙarar jirgin, suna jin ta mata da yara za su fito suna ɗaga mayafi. Mai Yatsu Huɗu suke ce wa Kyaftin, shi ma ya san sunan, yana kuma so. Duk kaka sai Kawu ya ɗauro masa shinkafa a bayan keke, matar Kyaftin kuma idan Kirsimeti ta zo sai ta aiko mana da abinci har rumfar jirgi.

Sai kuɗin man fetur suka faso ƙasar nan. Ku ba ku ga lokacin ba. Mota ta yi tari sai a jingine ta a sayo sabuwa, kalmar gyara ma ta zama abin kunya. Wata safiya aka kawo mana sabon jirgin feshi, jikinsa duk ƙarfe, yana ƙyalli. Sojan da aka ɗora a kan aikinmu ya zo da 'yan rakiya, aka yi tafi. Ni ma na yi tafi, ƙaryar me zan yi. Amma da na leƙa ciki na ga kujera ɗaya ce tak, babu wurin makaniki. Ɗan kunnensa kuma da lantarki yake aiki, maɓallin yana can bisa kan sanda, daidai inda babban yatsan dama yake zama.

Kyaftin ya hau ya zauna, ya kama sandar, ya daɗe yana kallon maɓallin. Ya gwada da manuni, sandar ta suɓuce. Ya gwada miƙo hagu, totur ya zauna ba mai riƙo. Oga ya ce wannan ai aikin yini ɗaya ne, a ja waya biyu a mai da maɓallin hagu. Wakilin kamfanin da ya sayar da jirgin ya ce duk wanda ya kwance ko ƙusa ɗaya, su ba ruwansu da jirgin kuma. Oga ya je wurin sojan har ofis, ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. “Ranka shi daɗe, waya biyu ta. Mutumin ga ba shi da laihi.” Aka ce masa kamfanin ya zo da matuƙinsa. Ba a jima ba aka sallami Kyaftin Bulus, aka tura tsohon jirgi bayan rumfa. Ranar da zai koma Zuru ya zo ya yi mana sallama, bai kalli wajen jirgin ba ko sau ɗaya.

Mu kuma muka zama masu share ƙasa, don sabon jirgi nasu makanikan ke taɓa shi. Oga Altine bai daina zuwa bayan rumfa ba, duk mako sai ya juya farfelar tsohon da hannu, ya zuba mai a inji. Haka ya yi har ciwo ya kwantar da shi. Allah ya jiƙansa, bai ga muguwar shekarar ba.

Ita muguwar shekarar, kuɗi sun ƙare kamar an share. Kamfanin ya kwashe mutanensa, ɗan injin lantarkin da ke juya ɗan kunnen sabon jirgi ya ƙone, babu inda za a samo wani, babu ma mai tuƙawa. Kuma a shekarar ne ruwa ya yi kyau, shinkafa ta yi yadda ba a taɓa gani ba, buwa kuma ta taso daga arewa kamar hadari. Sai ga manya a bayan rumfa suna tambayata ko tsohon zai tashi. Na ce zai tashi, amma mutum ɗaya aka ɗinka wa shi. Aka aika Zuru. Aka ce wa Kyaftin idan ya kori tsuntsayen bana, ya dawo bakin aikinsa.

Ya zo a motar haya da tsohuwar hularsa ta tuƙi a cikin jaka. Ya yi furfura, tafinsa ya yi kanta saboda fartanya. Bai ko zauna ba ya tuɓe riga muka hau aiki. Injin ya tashi, albarkacin Oga. Yadin da ya ruɓe muka yi masa faci, muka fasa gidajen zanzaro da suka cika wutsiyar. Da na zo kan ɗan kunne na rufe ido na kama bakinsa da yatsu biyu. Ba ƙis na ji ba, ƙwas na ji. Zoben tagullar ya cinye, wayar kuma ta yi tsatsa, silinta sun fara tsinkewa a wurin lanƙwasa.

Da la'asar sai ga Kawu Ɗantani a kan keke, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce tsuntsayen sun sauka a gumbin bakin gulbi, yara sun yi ta kaɗa gwangwani har muryarsu ta dishe. Ya kama rigata. “Ummaru, ɗan ƙanwata, ga jirgi na kuka, ga Mai Yatsu Huɗu ya zaka. Mi kuka jira? In kunka bari sai jibi ba mu da komi.”

Kyaftin ya ja ni gefe ya ce, “A ɗaure shi haka nan. Zan riƙe da hannu kamar da.”

Na ce, “Yallaɓai, ba nauyin sanda nake tsoro ba. Idan wayar ta tsinke a kan ƙaya, wutsiyar ce za ta tafi.”

“Na yi yaƙi, Ummaru.”

“Na sani. Amma ka san dokar Oga. Ni na taɓa wutsiyar nan, kuma ba zan hau ta haka ba. Abin da ba zan hau ba kuwa ba zan ba ka ba.”

Ya je da kansa ya kama ɗan kunnen da yatsunsa huɗu ya girgiza. Shi ma ya ji ƙwas ɗin. Sai ya ɗauki rigarsa ya je ya zauna a inuwar fiffike. Kawu ya hau kekensa bai yi min sallama ba.

Zoben, wani abokina mai injin fiƙe ƙarfe a Kalambaina ya yi min shi. Waya ce ta ƙi samuwa. Na zagaye garin nan kaf, masu babur suna miƙo min wayar birki, ina ji kamar in yi kuka. Sai daga Kano aka samo, a jikin wani mataccen jirgi, direban babbar mota ya kawo ta bayan ya kwana a hanya da faci. Duk magariba muna zaune a bakin rumfa muna ganin tsuntsayen suna wucewa ta kanmu, baƙi ƙirin, Kyaftin yana bin su da ido. Ko yau aka maimaita, abin da na yi zan sake yi. Amma kada wani ya ce muku yin daidai ba ya da ciwo. Har yanzu idan na ga buwa a sama sai abinci ya fita raina.

Ranar da na gama ɗaure waya na auna, na sake aunawa, aka cika tanki da ruwa, na hau baya. Hayaƙin Kalambaina yana nan inda muka bar shi. Muka sauka kan fadama, na leƙa ƙasa. Gonakin sun yi fari, zangarniya a tsaye ba ƙwaya, gumbin bakin gulbi babu tsuntsu ko ɗaya, sun cinye sun yi gaba. Na ga mata a sunkuye suna tsintar abin da ya zube. Sun ji ƙararmu, wasu suka ɗago, ba wadda ta ɗaga mayafi. Kyaftin ya buɗe feshi, don gwaji sai an gama shi, muka yi ta zuba ruwa a kan kara.

Da tanki ya ƙare ya hau sama, ya ɗan murza faifan. Sai ya ɗaga hannuwansa biyu. Wannan karon ban yi ihu ba, shi ma bai yi dariya ba. Jirgin ya miƙe sumul, ko motsi babu, ya fi na farko. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke hannuwan ya juya mu gida.

Da muka sauko manya sun riga sun ji labari. Tsuntsaye sun tafi, to me za a yi da matuƙi? Aka yi masa godiya. Ya zagaya bayan jirgin ya shafa ɗan kunnen, ya ce, “Kada ka ƙara taɓa shi, Ummaru. Ya yi daidai.” Washegari na raka shi tasha. Kawu kuwa ya sayar da gonar ya tafi Kudu yin gadi, can ya rasu.

Jirgin bai sake tashi ba. Da masu zubin tukwane suka zo sayen ƙarafunansa, na riga su zuwa da sufanata na kwance wannan. To zo nan, kai mai cewa aikin 'yan gayu ne. Rufe idonka, kama bakinsa da yatsu biyu, girgiza. Ka ji wani abu? Ba za ka ji ba. Tashi ɗaya ya yi tun da na gyara shi, shi ma ruwa ya ɗauka. Mayar min da shi ƙusarsa.